Maƙwabciyata ta gayyace ni Ethical Society ranar Lahadi, dan Allah coci ne ko mene ne?

Maman_Hanan ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah duk mai masaniya ya taimaka min da bayani don kaina ya ɗaure. Muna zaune a St. Louis jihar Missouri nan Amurka, maigidana karatu yake yi, shekararmu biyu kenan. Akwai wata dattijuwa baturiya da muke jere da gidanta, wlh matar nan ta yi min abinda ko 'yar uwata ta jini iyakar abinda zata yi kenan, lokacin da na haihu a tsakiyar sanyi ba uwa ba dangi ita ce ta dinga kai Hanan makaranta tana ɗauko ta har sati uku, ta yi girki ta kawo min, kuma sai da ta fara tambaya me muke ci me bama ci, bata taɓa kawo min abu mai alade ko giya ba. Da azumi ma sai da ta nemi sanin ƙarfe nawa ake shan ruwa wai don kar ta ƙwanƙwasa min ƙofa ina tsakiyar hidima.

To ni duk a zatona 'yar coci ce irin masu ƙwazon nan, don duk Lahadi da safe sai na ga ta ci ado ta fita. Rannan muna hira nace mata wace coci take zuwa, sai tayi dariya tace ita ba coci take zuwa ba, wai Ethical Society take zuwa, akwai ginin su a titin Clayton mai wani rufi mai tsini, na sha wuce shi a mota ma ashe shi ne. Nace to wa kuke bauta wa a ciki? tace su basa maganar bauta. Nace to ƙungiya ce kenan irin ta masu taimako? tace a'a ya wuce haka, wai su jama'a ce kamar yadda 'yan coci suke jama'a, suna da shugaba, suna ɗaura aure, suna bikin haihuwa, suna taron makoki, suna da ajin yara na ranar Lahadi, amma ba'a tambayar kowa abinda yayi imani da shi. Ni dai nan na ƙara rikicewa.

Yanzu tace in ina so in raka ta wannan Lahadin in ga wurin, kuma Hanan (shekararta 7) zata iya zama a ajin yara tare da jikarta tunda ƙawaye ne. Bata matsa min ba gaskiya, sau ɗaya ta faɗa. Maigida yace shi bai san komai a kai ba in bincika tukunna. Ni kuma kunya ta kama ni, mutum yayi maka wannan ɗawainiyar sannan abu ɗaya da ya nema kace a'a kai tsaye? Amma kuma addinina da tarbiyyar 'yata sun fi min komai. Akwai wanda ya taɓa shiga wurin nan? Me ake yi, me ake koya wa yaran?

Abu_Sumayya ya rubuta:

Wa alaikumussalam. Yar uwa ni dai shawarata ki hakura. Duk inda aka ce an taru ana koyar da tarbiyya amma an cire Allah a ciki ai kinsan inda aka dosa. Humanist kenan fa, ko kin manta shari'ar Mubarak Bala, shugaban kungiyar humanist ta Najeriya a lokacin, da aka yi a Kano 2022? Makwabciyarki ki ci gaba da kyautata mata, hakkin makwabtaka bai bar wanda ba musulmi ba, ki yi mata girki ki kai mata tsaraba. Amma yarinya yar shekara 7 ba a wasa da abinda zai shiga kunnenta, icce tun yana danye ake tankwara shi, in ke baki tankwara ba wani zai tankwara miki. Allah ya tsare mana imaninmu.

Baƙon_Gabas ya rubuta:

Maman Hanan sannu da ƙoƙari, Allah ya raya. Ni na shiga, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kusan wata takwas ina zuwa wata daga cikinsu a wani gari a gabashin Amurka lokacin ina digiri na biyu. Ba taku ta St. Louis ba, kuma kowacce tana da ɗan tsarinta, amma gaba ɗaya zubin ɗaya ne. Yadda aka yi na fara zuwa ma abin dariya ne, ajin gyaran turanci kyauta suke yi a ɗakin ƙasa ranar Laraba da yamma, wani tsoho mai ritaya ke duba min rubutuna, daga nan yace in zo Lahadi in ji lacca akan gidajen haya.

Ga yadda ranar take. Wajen sha ɗaya na safe ake taruwa, suna kiran zaman Platform, wato kamar dandamali ko mumbari. Ɗaki ne da kujeru da fiyano, ba gicciye ba gunki ba hoton kowa da ake durƙusa wa. Wani zai buɗe da 'yan kalmomi na maraba, a yi kiɗa, a kira yara gaba a karanta musu ɗan labari sannan su wuce ajinsu, sai a yi shiru na minti biyu ko uku kowa da tunaninsa, ni a nan nake salatina a zuci babu wanda ya sani babu wanda ya damu. Sai jawabi na kamar rabin awa. Wani satin shugabansu ne zai yi, shi ba fasto suke ce masa ba Leader kawai suke cewa, wani satin kuma baƙo ne, likita ko lauya ko malamin jami'a ko mai aiki da fursunoni. Na ji jawabi akan yafiya, akan yadda ake kula da iyaye in sun tsufa, akan hukuncin kisa, akan ko halal ne (a ma'anarsu fa) ka yi wa mara lafiya ƙarya don ka kwantar masa da hankali. Bayan nan a zagaya da kwando a tara kuɗi, wani lokacin a raba biyu a bai wa wata ƙungiyar agaji rabi. Addu'a babu. Wannan ki sa a ranki, daga farko har ƙarshe ba zaki ji an roƙi kowa komai ba.

Amma ni a ganina ainihin abin ba a jawabin yake ba, a bayansa yake. Da an tashi sai a koma ɗakin shayi, kofi da biskit da kek, a nan ne zaki ga ashe mutanen nan sun san juna ciki da bai. Akwai kwamiti guda da aikinsa kawai sanin wa ke kwance a asibiti, wa mijinta ya rasu, wa ya daina tuƙi yana buƙatar a ɗauko shi, akwai takarda da ake zagayawa da ita kowa ya rubuta ranar da zai kai wa mai jego ko mara lafiya abinci. Shi yasa da na karanta abinda maƙwabciyarki tayi miki ban yi mamaki ba ko kaɗan, abinda aka saba mata da shi kenan. Mu a gida wannan ba ya buƙatar kwamiti, unguwa ce ke yi, kafin mai jego ta buɗe ido an dama kunun kanwa an dafa ruwan wanka. Su kuma unguwa ta mutu musu, da yawansu sun bar coci ko majami'ar Yahudawa da suka taso a ciki, to sai suka ga in ka bar coci ba aƙida kaɗai ka bari ba, ka bar masu zuwa jana'izarka ma. Shine suka sake gina jama'ar da hannunsu, da rajista da kuɗin shekara da zaɓen shugabanni.

Ɓangaren karatu kuma na manya yana da yawa. Akwai masu haɗuwa su karanta littafi ɗaya duk wata, akwai ajin sababbin shiga da ake basu tarihin tafiyar, akwai wani zama da na fi so da ake yi kafin babban taron, mutum goma ko sha biyu a zauna a da'ira a ɗauki kalma ɗaya, misali haƙuri ko kishi ko bashi, kowa ya faɗi abinda ya gani a rayuwarsa, kuma doka ce ba a katse mutum ba a mayar masa da martani ba a bashi shawara, ya gama a yi shiru na gaba ya ɗauka. Wlh ranar farko sai da na dinga cije leɓe don bahaushe ne ni, na saba in mutum yana magana ina shirya amsa. Na koyi sauraro a wurin nan, wannan ba zan ɓoye ba.

Abinda bai min ba kuwa, na farko yawancinsu tsofaffi ne farare masu ilimin boko da rufin asiri, ni kaɗai ne baƙar fata mafi yawan lokuta, kuma kowa so yake ya ja ka gefe ya nuna maka shi ba ya wariya har abin ya gundure ka. Na biyu surutu, mutanen nan zasu yi mitin na awa biyu akan kalar da za'a shafa wa bango. Na uku, a takarda ba ruwansu da imaninka, kuma shugaban bai taɓa zagin addini a gabana ba, amma a ɗakin shayi zaki haɗu da ɗaya ko biyu da suka fito daga gidajen addini da ciwo a zuciya, su kam zasu yi ba'a da masu imani, wani ma ya taɓa tambayata wai da ilimina har yanzu ina yarda da mala'iku. Nace masa ƙwarai, shi kuma da iliminsa har yanzu yana yarda da 'yan siyasa, aka yi dariya aka wuce.

Malam Abu Sumayya kuma da girmamawa, kalmar humanist faɗi gare ta. Waɗannan basu taru don musun samuwar Allah ba, a cikinsu na san mai zuwa coci da yamma, na san Bayahude mai azuminsu. Cewa suke wannan tambayar kowa ya je gida da ita. Ko hakan ya isa ko bai isa ba wannan wata maganar ce, amma mu faɗi abu yadda yake.

Ɗan_Laburare ya rubuta:

Bari in ɗan ƙara da asalin abin don sai an san tushe ake gane reshe. Wanda ya kafa shi sunansa Felix Adler, an haife shi a Jamus 1851, aka kawo shi New York yana ɗan shekara shida saboda mahaifinsa Samuel Adler ya zama limamin Yahudawa a Temple Emanu-El, ɗaya daga manyan majami'unsu a garin. An tura shi Jamus karatu da niyyar ya dawo ya gaji uban, yayi digirin digirgir a Heidelberg, a can ya cika cikinsa da falsafar Kant, wani shahararren masanin falsafa Bajamushe. Da ya dawo 1873 aka bashi mumbari yayi huɗuba, jama'a suka lura yaron nan kusan bai ambaci Allah ba sai maganar ɗabi'a, to daga wannan huɗubar ba a sake bashi ba. Ya je ya koyar a jami'ar Cornell na ɗan lokaci, sai a watan Mayu 1876, yana da shekara 24, yayi jawabin da ya haifar da New York Society for Ethical Culture. Takensu gajere ne, ma'anarsa aiki ba aƙida ba. Hujjarsa ita ce mutane sun yi shekaru dubbai suna faɗa akan aƙida basu daidaita ba, amma kusan kowa ya yarda cewa barin yaro da yunwa laifi ne, to a haɗu akan wannan a yi aiki.

Kuma gaskiya sun yi aikin, a nan ne suka bambanta da masu zama su yi ta falsafa. 1877 suka fara tura ma'aikatan jinya gidajen talakawa marasa lafiya, 1878 suka buɗe makarantar rainon yara kyauta don 'ya'yan leburori, wadda ta girma ta zama Workingman's School. Adler ya shiga yaƙin gyaran gidajen haya na New York inda ake cusa baƙin haure kamar kaji a akurki, kuma shi ne shugaban farko na kwamitin ƙasa na yaƙi da sa yara aikin ƙarfi da aka kafa 1904. Wani almajirinsa Stanton Coit ya buɗe gidan taimakon unguwa a Lower East Side 1886, wani kuma Henry Moskowitz yana cikin waɗanda suka kafa NAACP a 1909, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Taku ta St. Louis tsohuwa ce sosai, 1886 aka kafa ta, bayan ta Chicago da ta Philadelphia, sannan 1889 suka haɗa uwar ƙungiya American Ethical Union. Ginin mai tsini da kike gani na shekarun 1960 ne, kafin nan a cikin gari suke a ginin Sheldon wanda yanzu ya zama zauren kiɗa.

Abin da ke bani dariya da takaici lokaci ɗaya, makarantar nan ta 'ya'yan leburori ita ce yau Ethical Culture Fieldston School, tana cikin makarantun kuɗi mafi tsada a New York, kuɗin shekara ya haura dala dubu 50. Robert Oppenheimer wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya ma can yayi karatu, ya sha darasin ɗabi'a tun yana yaro. Kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama.

Tambayarki ta coci ne ko ba coci ba har kotu ta je. A 1957 reshen Washington ya kai ƙara saboda an hana shi sassaucin harajin da ake yi wa wuraren ibada, kotun ɗaukaka ƙara ta basu gaskiya, alƙalin da ya rubuta hukuncin Warren Burger ne wanda daga baya ya zama alƙalin alƙalan Amurka. A 1961 kuma kotun ƙoli a shari'ar Torcaso ta lissafa Ethical Culture cikin addinan da basa koyar da imani da Allah. Don haka a dokar Amurka addini ne, shugabanninsu suna ɗaura aure doka ta amince. Su kansu mambobin kuwa kansu a rabe yake, wani zai ce miki wannan ne addinina wani kuma in kika ce masa addini sai ya ɓata rai. Kuma basu da yawa, rassan duka ashirin da 'yan kai ne a faɗin ƙasar.

Babban ƙa'idar Adler in an juya ta da Hausa kusan haka take, ka yi mu'amala da mutum ta yadda zaka fito da mafi kyawun abinda ke cikinsa, ta haka ne naka mafi kyawun zai fito. A saman dandamalin zaurensu na New York da ke kallon Central Park an rubuta cewa wurin da mutane suka taru don neman mafi ɗaukakar abu wuri ne mai tsarki. Kin ga harshen addini ne sak, Mai addinin ne kawai ba a ambata.

Anti_Bronx ta rubuta:

Maman Hanan ƙanwata, mazan nan sun baki tarihi da lacca amma ainihin tambayarki akan yarinya ce, to bari ni in amsa wannan. Shekarata 19 a ƙasar nan ina aikin kula da tsofaffi a gida, akwai wata tsohuwa da nayi wa aiki shekara uku 'yar wannan tafiyar ce, duk Lahadi ni ke tura kekenta zuwa wurin, kuma da yake ni bana son zaman lacca sai in koma wajen yara in taya su yanka takarda.

Abinda ake yi a ajin ƙanana ba wani abin tsoro bane a ido. Labari, zane, waƙa, shuka a bayan gini, haɗa sanwici a kai wa marasa gida, rubuta kati ga tsofaffin da basa iya fitowa. Malamar zata kawo matsala tace misali ƙawarki ta saci fensir kin gani, malama ta tambaye ki, me zaki yi? kuma ba zata basu amsa ba, sai dai ta dinga me yasa, in ke aka yi wa fa, har su gaji. Manyan yara 'yan sha uku sha huɗu suna da shiri na shekara guda na shiga balaga, ana haɗa kowa da babba guda mai yi masa jagora, ana kai su ziyara coci da masallaci da wurin ibadar Yahudawa da na 'yan Buddha su ga yadda kowa ke yi, a ƙarshe yaro ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abinda shi ya yarda da shi.

To a nan gizo ke saƙar. Suna da jerin ƙa'idoji da ake koya wa yaran, in ban manta ba sha biyu ne, yawancinsu ko a islamiyya aka faɗe su ba wanda zai ce uffan, kowane mutum yana da daraja, kowa ya cancanci adalci da kyautatawa, zan iya koyo daga kowa, ni ke da alhakin abinda na aikata. Amma a ciki akwai mai cewa ina da 'yancin yin tambaya akan komai, da mai cewa ina da 'yancin zaɓar abinda zan yi imani da shi, har da mai cewa ɗabi'a ita ce addinina. Ke babba in kin ji wannan kin san inda zaki ajiye shi. Hanan mai shekara 7 da kike fama ta haddace Ƙulhuwallahu da sharuɗɗan alwala fa? Su ba da mugunta suke yi ba, tsakani da Allah sun yarda wannan shi ne gata mafi girma da za'a yi wa yaro. Mu kuma mun yarda gata shi ne ka miƙa masa La'ilaha illallah tun bai iya ɗaura zariya ba. Hanya biyu ce, ba sai an zagi juna ba.

Ni nawa ra'ayin ki je ke kaɗai ko ke da maigidan, ki zauna ki sha shayinsu ki gode wa matar a gaban mutanenta, wlh zata ji daɗi har ranta. Yarinya kuma ki bar ta a gida. In suna ranar aikin gayya, tara kayan sanyi ko raba abinci, wannan ki kai ta ta ga ana taimako. Kuma kar ki ji kunyar gaya mata dalili, mutanen nan in akwai abinda suka iya shi ne jin a'a ba tare da fushi ba, tsohuwata sau nawa nake barinta a zaure in je in yi azahar a ofis ɗin shugabansu, shi da kansa yake buɗe min.

Na_Landan ya rubuta:

Mu ma muna da irinta a nan, Conway Hall a Red Lion Square unguwar Holborn, ginin 1929 ne amma jama'ar ta girmi ta Adler nesa ba kusa ba, asalinta coci ce ta masu saɓa wa cocin Ingila tun 1793, a hankali a hankali suka dinga sauke aƙida har a 1888 suka koma South Place Ethical Society lokacin da Stanton Coit ɗin nan da Ɗan Laburare ya ambata ya zo ya karɓi ragama. Sai dai ta nan yanzu ta fi kama da zauren lacca da laburare da kiɗan Lahadi da yamma da suke yi tun 1887, ka sayi tikiti ka shiga ka fita ba wanda zai san sunanka, na je sau biyu jin muhawara ban ga wani kwamitin kai wa mai jego miya ba. Na Amurka sun fi riƙe siffar jama'a, ina ga don can zuwa coci har yanzu shi ne hanyar sanin mutane.

Amma Malam Baƙon Gabas ina da ja akan abu ɗaya. Ka ce basu ce babu Allah ba sun ce kowa ya je gida da tambayar. To ai cewa tambayar bata da muhimmancin da za'a kawo ta zaure shi ma matsayi ne, ba tsaka-tsaki bane kamar yadda suke ɗauka. Musulmi ba zai ce gaskiya da riƙon amana suna tsaye da ƙafarsu ba tare da niyya da hisabi ba.

Baƙon_Gabas ya rubuta:

Na_Landan ban musa ba, na ma taɓa faɗa wa shugaban kusan haka a ofis ɗinsa, yayi shiru yace wannan ƙorafin tun zamanin Adler malaman coci da na Yahudawa suke yi musu shi kuma bai ga ranar da zai ƙare ba. Sannan ya roƙe ni in zo in yi musu jawabi akan zakka, nayi, minti 25, tambayoyi suka fi awa, wata tsohuwa ta dage sai na lissafa mata kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗin fanshonta.

Maman_Hanan ta rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Anti Bronx kamar kin shiga zuciyata. Na karanta wa Baban Hanan duka, mun yanke zamu je mu biyu da jaririn wannan Lahadin sau ɗaya, Hanan dama tana da islamiyya ƙarfe goma a masallaci don haka ba sai na yi dogon bayani ba, amma duk da haka zan gaya wa matar gaskiyar dalilin kamar yadda Anti tace. Malam Abu Sumayya na ji naka ma kuma ban raina ba. Saura abu ɗaya, da hijabina zan shiga ko zai zama abin kallo? kuma ana zuwa da wani abu a hannu ne ko haka ake zuwa?

Anti_Bronx ta rubuta:

Sa hijabinki har ƙasa, kallo kam zasu yi amma na son su zo su gaisa ne, ki shirya amsa daga ina kike sau talatin. Ki soya cincin ki cika roba ki ajiye a teburin shayi, ki rubuta a 'yar takarda cewa akwai ƙwai da madara da fulawa a ciki don mutanen nan da tambayar abinda ke cikin abinci kamar 'yan kwastan.